Hannun Fedan da Aka Manna da Gam: Kiranyen Shimano na 2023 da Mai Shirin Sayen Keken Tsere

Ranar 21 ga Satumba, 2023, hukumar CPSC, wadda ke sa ido kan kayan da za su iya cutar da masu saye a Amurka, ta sanar da cewa kamfanin Shimano na ƙasar Japan ya yi wa wasu hannuwan feda na keken tsere kiranye, wato ya nemi masu su su kawo a duba saboda aibin da aka gano. Kimanin guda 680,000 ne a Amurka, da wasu 80,000 a Kanada. Hannun feda shi ne ƙarfen nan da ya haɗa feda da tsakiyar keke, na dama kuma shi ke ɗauke da faifan haƙoran da sarƙa ke hawa. Duk ƙarfin da ya fito daga cinyar mahayi ta nan yake bi kafin ya isa taya. Sanarwar ta ce an samu rahoto 4,519 na hannun fedan da ya ɓare, mutum 6 kuma sun ji rauni: akwai mai karaya, akwai mai gocewar gaɓa, akwai wanda ƙarfe ya yanka. Da aka haɗa da sauran ƙasashen duniya, adadin da abin ya shafa ya kai wajen miliyan 2.8.

Ba kayan jabu ba ne, ba kuma na araha ba ne. Ultegra da Dura-Ace ne, wato mataki biyu na ƙoli a kayan keken tsere na Shimano, waɗanda duk mai sha'awar keke yake kwana yana tashi da burinsu. An sayar da su daga Janairun 2012 zuwa Agustan 2023, a kan dala 270 zuwa 1,500 kowane ɗaya. Abin da ya sa na ga ya kamata a baje lamarin a faifai shi ne, kekunan da aka ɗaura wa waɗannan hannuwan feda su ne yanzu Turawa ke rabuwa da su, su ne kuma ke shigo mana a kwantena ta Legas da Kwatano. Saurayin da ya tara kuɗinsa na wata da watanni, ya je ya tsaya gaban keke mai rubutun Ultegra yana jin ya dace, ya cancanci ya san tarihin abin da zai taka.

Matakala mai hawa shida

Shimano tsohon kamfani ne. Shozaburo Shimano ya kafa shi a 1921 a garin Sakai, kusa da Osaka, kuma firiwil ya fara ƙerawa. Yau mafi yawan kekunan tsere da za ka ci karo da su, ko wane suna ne a jikin firam ɗinsu, giya da birkinsu nasa ne. Ya jera kayan nasa kamar matakala. A lokacin kiranyen, a ƙasa akwai Claris mai giya 8 a baya, sai Sora mai 9, sai Tiagra mai 10, sannan 105, sannan Ultegra, Dura-Ace na can sama. A mafi yawan shekarun da muke magana a kansu, ukun saman nan duk giya 11 gare su, kuma ana iya haɗa kayan wannan da na wancan su yi aiki lafiya.

To me ake saye idan aka hau daga 105 zuwa Ultegra? Yawanci rashin nauyi. Hannun fedan 105 na samfurin R7000 ya ɗan haura giram 710. Na Ultegra R8000 mai girman faifai iri ɗaya bai kai 680 ba. Bambancin kimanin giram 40 ne. Tsakanin 105 da Dura-Ace kuwa wajen giram 100. Ledar fiya wata guda ɗaya giram 500 ce. Ke nan abin da ya raba 105 da Ultegra a wannan ɓangare bai wuce kurɓi biyu na ruwa ba.

Ba na raina giram 40 ga wanda sana'arsa ke nan. Ɗan tseren da zai hau duwatsun Faransa na tsawon awa guda, ana raba shi da abokin hamayya da daƙiƙa biyar, yana da hujjar ƙirga kowane giram. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tun shekarar 2000 ta kafa dokar cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, kamfanoni kuma suka yi ta rige-rigen kai kekunansu daidai wannan iyaka. Amma shi ɗan tseren yana da bakaniken da ke wanke masa keke kullum da yamma, yana duba kowane ƙulli, kuma kafin kaya su tsufa an sake masa sababbi. Da wannan mutum a zuciya aka ƙera Dura-Ace. Mu kuwa muna sayen kayan ne ba tare da bakaniken ba.

Yadda aka rage nauyin, da yadda ya ɓare

Wanda ya tashi da Rali ya san hannun fedanta: sandar baƙin ƙarfe ce guda, cikakkiya, an ɗaure ta da kotafin. In ta fara lilo, mai gyara ya ɗauki guduma ya fitar da tsohon kotafin ya buga sabo, ka ci gaba da tafiya. Nauyi gare ta kamar me, amma babu ƙauyen da za a rasa mai iya mata. Wannan ne ma ya sa keken mai tambarin zalɓe, ɗan asalin Nottingham ta Ingila, ya zauna a ƙasar Hausa har aka riƙa haɗa shi a Kano.

Hannun fedan zamani alminiyam ne, kuma holoƙo ne, cikinsa babu komai. Hikimar a fili take: kara mai rami a ciki ya fi sanda siririya mai nauyi ɗaya da shi ƙin lanƙwasa. A waɗannan samfura na Ultegra da Dura-Ace, Shimano ya ƙera ɓari biyu ne daban-daban, na ciki da na waje, kamar ƙwarya da murfinta, sannan ya manna su da gam mai ƙarfi. Ta haka ake iya sirantar da bangon ƙarfen ƙwarai. Muddin gam ɗin na riƙe, ɓari biyun abu guda ne, mai ƙarfin gaske. Ranar da gam ya saki kuwa, kowane ɓari shi kaɗai ba zai iya ɗaukar nauyin mutum ba.

Injiniyoyi masu zaman kansu da suka yanka waɗanda suka lalace suka duba sun fi ɗora laifin a kan danshi. Ruwa ko gumi ya samu 'yar kafa ya shiga tsakanin ɓari biyun, alminiyam ya fara ci daga ciki, gam ya rasa abin kamawa. Alminiyam ba ya jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Nasa cin farin gari ne kamar toka, shi ya sa mai neman tsatsa da ido zai iya wuce shi bai lura ba. Da farko sai a riƙa jin 'yar ƙara duk lokacin da aka danna feda, ko sarƙa ta fara gogar ƙarfen canjin giya na gaba alhali ba a taɓa saitinsa ba, ko mutum ya ji kamar fedar dama ta karkace a ƙarƙashin ƙafarsa. Daga nan siririn tsagi ya bayyana a layin haɗin. Ƙarshe, ɓarin waje ya ɗage ko ya karye.

Samfura biyar abin ya shafa: Ultegra FC-6800 da FC-R8000, sai Dura-Ace FC-9000 da FC-R9100 da FC-R9100-P mai na'urar auna ƙarfin taku, waɗanda aka ƙera kafin Yulin 2019. Na 105, wanda ake ƙerawa ta wata hanya daban, bai shiga ciki ba. Tiagra da Sora da Claris ma haka. Wannan ne wurin da ya fi tsaya mini a rai: wanda ya ƙara kuɗi don ya hau mataki, shi ya ɗauko haɗarin, wanda ya tsaya a 105 bai san ana yi ba.

Adalci ya sa in faɗi cewa rahoto 4,519 cikin dubban ɗaruruwa bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Mafi yawansu ba su ɓare ba, mutane da dama sun yi shekaru a kansu lafiya lau. Sai dai lissafin haɗari ba a yawan faruwa kaɗai ake yin sa ba, har da lokacin da yake faruwa. Hannun feda bai cika karyewa mutum na zaune yana tuƙi a hankali ba. Ya fi karyewa ne sa'ad da aka miƙe tsaye aka ɗora masa dukkan nauyi: wajen hawan gada, wajen tashi daga danja, wajen ƙoƙarin kauce wa tirelar da ta matso ta baya. A irin wannan lokaci in ƙafa ta zurma, kafaɗa da haɓa ne ke fara isa kwalta.

Abin da kamfanin ya yi

A Amurka an umarci masu irin wannan kaya su daina hawa nan take, su kai keken shagon dila mai rajista da Shimano a duba kyauta. A Turai kamfanin bai kira shi kiranye ba, ya ce shirin dubawa da musanyawa ne. Ko'ina dai ƙa'idar ɗaya ce: bakanike zai wanke, ya kwance, ya duba da ido. In ya ga alamar rabuwa, a aiko da sabo kyauta. In bai gani ba, a mayar maka da naka ka ci gaba da hawa, kana sa ido.

Nan ne mutane suka fi yin ƙorafi, kuma ina ganin suna da gaskiya. Cutar da ke farawa daga ciki, ido ba ya ganinta sai ta yi nisa. Wanda aka duba nasa yau aka ce lafiya, babu abin da ya tabbatar masa da shekara mai zuwa. Ga kuma tsawon lokacin da aka ɗauka. Shekaru kafin sanarwar, mahaya suna ta sa hotunan karyayyun hannuwan feda a intanet, shagunan gyara sun san da zancen, kuma ranar da kamfanin da kansa ya ja layi a kanta, Yulin 2019, ta riga kiranyen da fiye da shekara huɗu. A watan Oktoban 2023 aka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a kotun tarayya a Kalifoniya kan Shimano da kamfanonin keke na Specialized da Trek, masu ƙarar suna zargin an san da matsalar tun tuni kuma duba da ido bai wadatar ba. Shi kuwa Shimano, a lissafinsa na 2023 ya ware fiye da yen biliyan 17 don kuɗin dubawa da musanyawa.

Ko da gazawarsa, tsarin nan ya tsaya ne a kan abu ɗaya: shagon dila da ke kusa da kai, mai rajista, mai layin aika kaya da karɓo madadi. Mai keke a Landan ko Amsterdam zai tura kekensa ya isa irin wannan shago kafin shayi ya huce. Mai keke a Kano ko Maraɗi ko Zariya, wanda ya sani shi ne mai gyara na bakin titi, gwani a faci da ɗaurin waya da saitin birki, amma ba a aiko masa da takardar Shimano ba, ba shi kuma da inda zai aika ɓararren kaya a musanya. Aibin yana biyo keken cikin kwantena. Maganin yana tsayawa can inda aka fara sayar da shi.

Dalilin da ya sa suke kwararowa yanzu

Abubuwa uku suka haɗu. Na farko, salo ya canza. A 2018 UCI ta halatta birkin faifai, wato mai matse faifan ƙarfe da ke tsakiyar taya, a gasar titi, cikin 'yan shekaru kuma manyan kamfanoni suka kusan daina fitar da keken tsere mai birkin da ke matse rim. A 2021 Shimano ya fito da sababbin Dura-Ace da Ultegra masu giya 12, kuma da batir kawai suke canja giya, babu na waya. 105 ya bi sahu a 2022, na wayarsa mai giya 12 ya zo a 2023, duka biyun na 105 da birkin faifai. Nan da nan keke mai giya 11 da birkin rim, wanda jiya shi ne sarki, ya zama tsohon yayi a idon Bature. Na biyu, a lokacin korona an sayi kekuna kamar hauka a 2020 da 2021, daga baya kasuwa ta cika ta tumbatsa, cinikin kayan keke na Shimano kansa ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100 a 2023. Shaguna suka karya farashin sababbi, na hannu kuwa suka ƙara faɗuwa.

Na uku a gida yake. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur a Najeriya, a watan Yuni kuma aka saki naira. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Sabon keken tsere a kwali ya fi ƙarfin ma'aikaci, a daidai lokacin da sha'awar keke ke ƙaruwa, wasu don tsadar mai, wasu don likita ya ce su motsa jiki, wasu kuma don sun ga Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku ya ɗauki koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa, ta 2024. Kowa sai ya koma gwanjo. Kekunan da gwanjo ke kawowa masu kyan gani kuwa, 'yan 2013 zuwa 2019 ne.

Wani zai ce ai ƙasarmu busasshiya ce, ina danshin da zai ci gam? Keken ba a nan ya yi ƙuruciyarsa ba. Ya yi shekaru a titunan da ake watsa wa gishiri lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, ya kwana a gareji mai raɓa, ya yi makonni a kan teku. Ya iso nan kuma ga damina, ga gumin mahayi mai gishiri yana ɗiga daidai tsakiyar keke, ga masu wankin mota da ke harba masa ruwan inji a kowace kafa. In cin ya riga ya fara, zafin Kano ba zai mayar da gam ɗin da ya saki ba.

Keke biyu, kuɗi ɗaya

Mu ɗauka kai ne. Kana da keken alminiyam mai Sora ko Tiagra, ka shekara biyu kana fita da shi hanyar Wudil ko ta Gwarzo ranar Asabar da asuba. Ka tara kuɗi. Dillali ya kira ka ya ce an sauke kaya, ka je ka tarar da keken kabon, wato wanda aka yi firam ɗinsa da zaren kabon mara nauyi maimakon ƙarfe, mai Ultegra 6800, baƙi wuluk yana sheƙi. Ya ce, "Yallaɓai, ɗaga ka ji." Ka sa yatsa biyu ka ɗaga, zuciyarka ta riga ta saya. Kuɗin da ke hannunka, in ka haɗa da na sayar da tsohon, zai kai. Ko kuma ka riƙe tsohon ka kashe rabin kuɗin a kansa.

Ɗagawar nan da yatsa ita ce gwajin da ya fi kowane ruɗar mai saye, domin ba ɗaukar keke za ka riƙa yi ba, hawansa za ka yi. Kai kilo 70, keke kilo 9, ruwa da famfo da kayan faci kilo 1, jimla 80. Ko kilo ɗaya cur sabon keken ya rage, ɗaya cikin 80 ne. Giram 40 na hannun feda kuwa ɗaya cikin 2,000. Nauyi kuma a hawan tudu yake magana. A Jos ko hanyar Gembu zai ɗan yi tasiri. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano da Katsina da Haɗeja, da zarar ka kai gudun kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfinka iska kake turewa da shi, kuma jikinka ne ke tare mafi yawan iskar, ba keken ba. Riga mai kama jiki da iya sunkuyawa sun fi kilo ɗaya amfani a wannan hanya.

Sai taya, wadda a ganina ita ce ta fi cancantar kuɗin farko. Kekunan tsere na 2013 zuwa 2016 da yawa an yi su ne don taya mai faɗin milimita 23 ko 25, wasu ba sa karɓar abin da ya wuce haka. Yau 'yan tseren duniya kansu sun koma 28 zuwa 30, domin an gano cewa a titi mai gargada taya mai faɗi da iska sassauƙa ta fi gudu, ba ta tsalle-tsalle, ba ta gajiyar da kafaɗa. In haka ne a kwaltar Turai, ina ga tamu mai ramuka da yashi a gefe, ga tsidau da ke jiran duk wanda mota ta tura ya sauka daga titi? Keken da ba ya karɓar 28, komai kyansa, ni ba zan ba wa ɗan'uwana shawarar sayensa ba. Sa yatsa tsakanin taya da firam, gaba da baya, ka ga sararin da ya rage. A nan ma akwai tarko: tayar Rali da ake kira inci 28 ba ta shiga rim ɗin keken tsere, duk da cewa a Turai shi ma inci 28 ake ce masa. Ta Rali milimita 635 ce, ta tsere 622. Kafin ka sayi keke, ka san inda za ka samu tayarsa da tub ɗinsa mai siririn bawul.

Sarƙa ma haka. Ta giya 11 siririya ce, ana canza ta da zarar ta miƙe da rabin kashi ɗaya cikin 100, in ba haka ba ta cinye haƙoran baya da na gaba. Ta giya 8 ko 9 ta fi kauri, ta fi haƙuri, ta fi araha, ta giya 8 kuma tana aiki a kan 6 da 7, shi ya sa ba ta wuyar samu. Ƙurar hunturu ba ta san Ultegra ba. In ta haɗu da baƙin man da masu gyara ke shafa wa sarƙa, sai ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta ci mai tsada kamar yadda take cin mai araha. Ga kuma jabun sarƙa masu kwalin Shimano da suka cika kasuwannin intanet, har kamfanin ya sha yin gargaɗi a kansu. Duk wanda ya hau giya 11 ya ɗaura wa kansa sayen kayan da sai an yi oda, a farashin dala.

Firam ɗin kabon na hannu kuma shi ne ainihin sayen kifi a ruwa. Baƙin ƙarfe in ya bugu yana lanƙwasa ka gani, mai walda ya gyara. Alminiyam yana loɓawa ka gani, ko da yake waldarsa ba ta bakin titi ba ce. Kabon yana iya tsagewa daga ciki fenti na nan lafiya, kuma keken da aka cusa cikin kwantena tare da injin wanki da tayoyin mota ba a san abin da ya danne shi ba. Ba cewa nake kabon ba shi da ƙarfi ba. Yana da shi ƙwarai. Tarihinsa ne ba ka sani ba.

Saboda haka, da ni ne, in tsohon keken daidai jikina yake kuma firam ɗinsa lafiya, zan riƙe shi. Tayoyi masu kyau mafi faɗin da zai karɓa, sabuwar sarƙa da haƙoran baya, sababbin wayoyin giya da na birki, robar birki mai kamawa, a buɗe boris a wanke a sa giris, sirdin da ya dace da ƙuguna, fitila gaba da baya don fitar asuba, da hular kwano ta gaske. Waɗannan duka ba za su cinye rabin kuɗin keken kabon ba, kuma a fitar farko za ka ji bambanci a hannu da ƙafa. In kuwa tsohon ya yi maka girma ko ƙanƙanta, wuya da gwiwa na ciwo duk Asabar, to kada ka zuba masa ko sisi, canji ya wajaba. Girman firam shi ne abu guda da kuɗin gyara ba ya sayowa.

In kuma zuciya ta kafe a kan mai Ultegra

Ba haramun ba ne, kuma akwai hanyar shiga da ido buɗe. Juya hannun fedan ka dubi bayansa, kusa da ramin da feda ke ɗaurewa. Za ka ga lambar samfuri, FC da wasu lambobi, da tsawonsa, kamar 170 ko 172.5, sannan wasu haruffa biyu. Harafin farko shekara ce: K ita ce 2012, L 2013, M 2014, haka har R, 2019. Na biyu wata ne: A Janairu, B Fabrairu, har L Disamba. Waɗanda kiranyen ya shafa sun fara daga KF, Yunin 2012, sun ƙare a RF, Yunin 2019. Duba hannu biyun, domin ana iya samun na dama da na hagu ba haihuwar wata ɗaya ba. FC-6800 da FC-9000 dai, tunda an maye gurbinsu tun 2017 da 2016, ka ɗauka kawai suna ciki.

In lambar ta faɗa ciki, a wanke shi tas da sabulu da burushi, a kwance faifan haƙoran, ka haska tocila ka bi layin haɗin ɓari biyun daga ramin feda har zuwa yatsu huɗun da ke riƙe faifai. Kana neman tsagi ko da siririn gashi ne, ko wurin da ɓari ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya tsawo in ka shafa da farce, ko farin gari, ko fenti da ya kumbura. Sannan ka hau, ka matse birki biyu, ka miƙe ka danna fedar dama da dukkan nauyinka kana saurare. Dillalin da ya hana ka wannan dubawa ya riga ya ba ka amsa.

Ko bai nuna komai ba, ni ba zan bar shi a jikin keken ba. Sa'ar da aka yi ita ce hannun fedan 105 mai giya 11, FC-5800 ko FC-R7000, yana da sandar tsakiya mai kaurin milimita 24 daidai da na Ultegra da Dura-Ace, yana shiga boris ɗin da ke jikin keken ba tare da an canza komai ba, giya kuma ta ci gaba da shiga yadda take bayan ɗan saiti. Aikin minti ashirin ne ga wanda ke da makullin da ya dace. Abin lura kawai shi ne tsawon hannun da yawan haƙoran su zo daidai da yadda kake so: mai 50 da 34 ya fi sauƙin taku ga yawancinmu fiye da mai 53 da 39 na 'yan gasa. Ka nemi farashin 105 ɗin tun kafin ka koma wurin dillali, ka tabbatar akwai shi a hannu ba alkawari ba, sannan ka nuna masa haruffa biyun nan da yatsa, ka cire kuɗin daga abin da ya yi maka suna. Tsohon da aka kwance kuma kada ya koma kasuwa ya faɗa hannun wani yaro da bai san zancen ba. A sa zarto a raba shi biyu kafin a ba 'yan gwangwan.